A bar mutum ɗaya ya shiga wurinsa

Idan Allah ya sa aka fito da mutum daga ɗakin gobe-da-nisa da ransa, abin da muka iya a Kano shi ne hamdala. A yi ta barka da arziki, a ce da sauran shan ruwa a gaba, wani ya kai sadaka makarantar allo, 'yan dubiya su cika gida har a rasa wurin ajiye takalmi. Duk wannan daidai ne. Abin da ke damuna shi ne, cikin ɗaruruwan da za su zo su ce "ya jiki?", da wuya a sami mutum ɗaya da zai zauna ya tambaye shi abin da ya gani a can ciki. Shi ma ba zai faɗa ba. Zai ce da sauƙi, domin haka aka tarbiyyantar da mu mu amsa ko da rai yana hannun Allah. Sai a watse kowa yana zaton barci bawan Allah ya yi na mako ɗaya ko biyu, ya farka.

Ba barci ya yi ba. Da yawa daga waɗanda ake kwantarwa a wannan ɗaki, wato sashen kulawa ta musamman, suna jin abin da ake faɗa, suna jin zafi, suna jin tsoro da kunya, wasu kuma suna fitowa da abin da zai bi su shekara da shekaru. Ni dai a ganina, mu da asibitocinmu mun haɗu mun bar su su kaɗai a daidai lokacin da suka fi buƙatar ganin fuskar da suka sani, kuma gyaran wannan ba ya cikin abubuwan da sai an jira kasafin kuɗin baɗi.

Wanda aka ɗora a kan na'urar numfashi, roba ake zura masa ta baki, ta ratsa tsakanin tantanin murya ta shiga maƙogwaro. Muddin tana nan murya ba za ta fita ba, ko kuka ya yi ba mai jin sauti. Ga wata robar ta hanci mai kai abinci ciki, ga ta fitsari, ga allurai a hannu, wani lokaci har a wuya. Tunda ba zai iya tari ya tofar ba, lokaci-lokaci sai nas ta zura siririyar roba ta zuƙo majina daga ƙirji, waɗanda aka yi wa haka kuwa suna cewa ji suke ana shaƙe su. Duk bayan 'yan sa'o'i a juya shi don kada ya yi gyambon kwanciya, juyin da kan fama ɗinkin tiyata ko karaya. Fitila ba ta mutuwa, na'urori ba sa daina ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarar ɗakin marasa lafiya kada ta wuce desibel 35, amma wani awo da aka yi a irin waɗannan sassa a Ingila, aka wallafa a 2013, ya tarar matsakaiciyar ƙarar ba ta taɓa sauka ƙasa da 45 ba, dare ko rana, kuma ƙarin 10 a wannan ma'auni kunne yana jin sa ninki biyu. Barci sai a gutsuttsure. Idan ɗakin ba taga, nan da nan mutum ya rasa dare ya rasa rana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙishirwa. Wata ma'aikaciyar jinya mai bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, Kathleen Puntillo, ita da abokan aikinta sun bi marasa lafiya a gadajensu suna tambayar abin da ke damun su, sakamakon da suka fitar a 2010 kuwa ya nuna ƙishirwa tana cikin abubuwan da suka fi yawa, suka kuma fi tsanani. Ana yi wa mutum ƙarin ruwa leda bayan leda, amma baki a buɗe yake dare da rana, harshe ya bushe ya tsattsage, an kuma hana a ba shi ko kurɓi ɗaya don kada ya sarƙe. Duk wanda ya yi azumi a Kano cikin watan Afrilu ya san ƙishirwa, sai dai shi ya san ƙarfe nawa za a sha ruwa. Wannan bai sani ba, ba shi kuma da bakin tambaya. A 2014 su dai waɗannan masu bincike suka gwada abu mai sauƙi: goge cikin baki da auduga mai laima, fesa ɗan ruwan sanyi, shafa man leɓe. Ƙishirwar ta ragu a fili. Babu asibitin da zai ce wannan ya fi ƙarfinsa, sai dai a rasa wanda zai tuna cewa na kwancen yana jin ƙishi.

Sai babbar, wato ruɗewa, wadda likitoci ke kira diliriyam. Cutar da ta shiga jini, ƙarancin iskar oksijin, ƙoda ko hanta da suka gaza, rashin barci, da su kansu magungunan sa barci, duk suna taruwa su gigita ƙwaƙwalwa. Wani ya yi ta fizge-fizge yana neman cire roba, wannan kowa yana ganin sa. Amma mai shiru ya fi yawa, wanda ke kwance ido a buɗe bai motsa ba, ana yaba masa haƙuri, alhali a cikin kansa tashin hankali ake yi. Wani likita a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, Wes Ely, ya fitar da hanyar gane wannan a bakin gado a 2001, kuma cikin masu na'urar numfashi da ya gwada, kusan 8 cikin 10 sun shiga ruɗewa a wani lokaci na kwanciyarsu. Abin bai shafi ƙarfin imani ko rauninsa ba. Ƙwaƙwalwa gaɓa ce, tana gazawa na ɗan lokaci idan jiki ya jigata.

Baffana, ƙanen mahaifina, ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Hanjinsa ya ƙulle, aka yi masa aikin gaggawa a wani asibiti a cikin garin nan, daga tiyata aka wuce da shi sashen kulawa ta musamman aka sa masa na'ura. Mu muna baranda a kan tabarma tare da sauran masu jinya, kowa da fulas ɗinsa da buta da cajar waya, kunne a ƙofa. Idan ta buɗe aka kira lambar gado, mai shi ya zabura ya karɓi takarda, a guje ya tafi sayen magani ko neman jini. Iyakar abin da ke tsakaninmu da shi ke nan, sai 'yan mintuna da yamma da ake barin mutum ya leƙa. Ya warke, ya koma gida, aka yi barka. Amma sai ya daina yi wa babban ɗansa magana. Idan yaron ya durƙusa ya gaishe shi, sai ya kau da kai. Kowa ya yi ta laluben laifin da aka yi, ba wanda ya gano.

Sai bayan watanni, wata rana bayan isha'i muna zaune mu biyu a ƙofar gida, ya ce da ni, "Ɗan nan, zan tambaye ka wani abu, kada ka ɓoye mini. Nawa suka nema?" Na ce, "Su wa, Baffa?" Ya ce, "Waɗanda suka ɗauke ni." Ashe shi a saninsa masu garkuwa da mutane ne suka riƙe shi. Sun ɗaure masa hannuwa a jikin ƙarfe, sun toshe masa baki, fuskokinsu a rufe, suna magana da yaren da ba ya ji sosai. Kuma ya ji muryar ɗansa da kunnensa yana cewa kuɗin sun yi yawa, ba za a iya ba. In ka duba, ba abin da ya ƙirƙira. An ɗaure hannuwansa da bandeji don kada ya fizge roba. Ma'aikata suna sanye da takunkumi, suna magana da Turanci. Ɗansa kuwa ya tsaya a gefen gado yana yi wa wani bayanin tsadar wani magani, yana zaton mahaifinsa ba ya ji. Ƙwaƙwalwar da cuta da magani suka gigita ce ta tattara waɗannan ta ƙulla su da abin da kowa ke tsoro a Arewa yau. Na yi masa bayani, ɗansa ya rantse masa, ya yarda, amma ya ce da ni har yanzu idan ya rufe ido yana ganin wurin.

Baffa ba shi kaɗai ba ne. Waɗanda suka fito daga irin wannan sashe a ƙasashe daban-daban labaransu suna kama da juna: an sace su, ma'aikata suna shirin kashe su, an binne su da rai. Wani bincike a Ingila a 2001 ya nuna waɗanda suka fito da irin wannan tunani na ruɗu, ba su kuma tuna abin da ya faru na zahiri ba, su suka fi shiga ciwon firgici daga baya, wato tsoro da munanan mafarkai da ke bin mutum bayan tashin hankali. Idan aka haɗa binciken wurare da yawa, kusan mutum 1 cikin 5 na waɗanda suka tsira suna fama da alamomin wannan ciwo. A wurinmu akwai ƙarin haɗari, domin muna ɗaukar maganar mara lafiya da nauyi. Mace ta farfaɗo daga jijjigar haihuwa tana cewa kishiyarta ta shigo da dare ta shaƙe ta, dangi su riƙe maganar, gida ya rabu biyu. Dattijo mai carbi ya yi ashar cikin ruɗewa, 'ya'yansa su shiga zullumin mummunan ƙarshe. Wani a ce iska ce, a fara neman mai ruƙiyya tun ba a sallame shi ba. Ba ni da ja da addu'a, ita ce makaminmu. Amma da likita zai tsaya minti biyu a baranda ya ce, "Alhaji, mahaifinku zai iya faɗar abubuwan da ba su faru ba, ciwon ne da magani, yawanci yana wucewa, kada ku riƙe kowa da shi," da an tsare zumunci mai yawa. Haka kuma maganar kuɗi, da ta "anya zai tashi kuwa?", dangi da ma'aikata duka su yi ta can nesa da inda yake kwance.

Na tambayi Baffa abin da ya riƙe shi a wancan hali. Ya ce yatsunsa. Duk da an ɗaure hannun, babban yatsa yana kaiwa ga gaɓoɓin sauran, sai ya yi ta jan hailala da istigfari a kansu. Sannan wata nas dattijuwa mai aikin dare. Duk sanda ta zo, kafin ta taɓa shi sai ta sunkuyo ta ce, "Sannu Baba. Asibiti kake, aiki aka yi maka a ciki. Yau Talata, yanzu aka idar da asuba. 'Ya'yanka suna nan waje. Zan zuƙe maka majina, da ɗan zafi, amma yanzu zan gama." Ya ce idan tana nan, mutanen nan sukan janye. Abin da ta yi shi ne abin da masana wannan fanni ke koyarwa: a riƙa maimaita wa mara lafiya inda yake, da ranar, da lokacin, da abin da za a yi masa kafin a yi. A mayar masa da tabaraunsa idan yana sawa, a buɗe labule da rana, a rage fitila da surutu da dare. A wurinmu ma abin ya zo da sauƙi, domin Bahaushe da salla yake auna yini. Ka ce masa ƙarfe huɗu da rabi, ba lallai ya kama ba. Ka ce masa an yi la'asar, ya san inda rana take.

Sallar kanta tana cikin abin da ke cin ran mutanenmu a can, ba a kuma cika kula ba. Mutumin da tun balagarsa bai bar salla ta wuce shi ba, ya farka ya ga robar fitsari a jikinsa, ba alwala, bai san alƙibla ba, bai san nawa ake bin sa ba. Wannan damuwa ce ta gaske, maganinta kuwa ilimi ne da muke da shi a kowace unguwa. Hadisin Imrana ɗan Husaini da Bukhari ya ruwaito sananne ne: a yi salla a tsaye, in ba hali a zaune, in ba hali a kwance. Malaman Malikiyya sun ce wanda ya suma har lokacin salla ya fita babu ramuwa a kansa, sauran mazhabobi suna da nasu bayanin, batun wanda magani ya kwantar kuwa malami ne zai warware masa. Abin da ya rage shi ne a sami wanda zai raɗa masa wannan a kunne lokacin da yake buƙata, ba bayan wata uku ba. Haka Kirista daga Sabon Gari yake buƙatar jin muryar fastonsa ko fadansa.

Ga kuma kunya. Dattijo mai furfura, wanda ko 'ya'yansa ba su taɓa ganin gwiwarsa ba, yarinya sa'ar jikarsa tana yi masa tsarki. Matar aure da ba ta fita sai da hijabi, a yaye mata ƙirji saboda wayoyin auna bugun zuciya, ɗalibai na tsaye ana yi musu darasi a kanta. Aikin dole ne, ba wanda ya yi da mugun nufi, lalura kuma ta halatta. Amma jan labule, rufe inda ba a aiki a kansa, ɗaura mata ɗankwali, neman izini ko da ana zaton ba ta ji, haɗa mace da mace inda hali ya yi, ba wanda zai rage wa aiki komai.

Mu 'yan'uwa ma muna da namu. Da zarar mara lafiya ya fara fito da abin da ke ransa, sai mu tare shi da "yi haƙuri", "ai kankarar zunubi ce", "kai fa namiji ne". Gaskiya ne cuta kankarar zunubi ce, amma haƙuri bai hana faɗin ciwo ba. Annabi Ayyuba, wanda da shi ake buga misalin haƙuri, ya kai kukansa ga Ubangijinsa cewa cuta ta shafe shi. Manzon Allah (SAW) kansa, da Nana A'isha ta ce wayyo kanta, ya ce a'a, shi ne ma wayyo kansa. Idan muka toshe bakin mutum da wa'azi kafin ya kai aya, abin da zai fahimta kawai shi ne ba ma son ji.

Abin da nake kira gare shi shi ne a bar mutum ɗaya daga cikin dangi ya zauna kusa da mara lafiya na sa'o'i masu yawa a yini, ba leƙen minti biyar ba. Na san abin da ma'aikata za su ce, domin na ji daga bakinsu, kuma ba ƙarya suke yi ba. Dubiyarmu ba ta mutum ɗaya ba ce. Idan aka buɗe ƙofa unguwa guda za ta shigo, da goyo da kwanukan abinci. Wani zai faki ido ya ɗura wa mai roba a maƙogwaro rubutu ko zamzam, ruwan ya gangara huhu ya zama nimoniya. Wata za ta fasa kuka a kansa. Wani zai ɗaga waya ya ɗauki hotonsa a wannan hali ya watsa a WhatsApp da sunan neman addu'a. Duk suna faruwa. Amma maganin wannan tsari ne. Iyali su zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu natsuwa, a rubuta sunayensu, nas ta zaunar da su minti goma ta koya musu wanke hannu, da abin da ba a taɓawa, da cewa ko ɗigo ba a sa masa a baki sai da izini. Addu'a da karatu a yi masa a kunne a hankali, ba wanda ya hana. Wanda ya karya doka a sauya shi da wani.

An gwada wannan a Birazil, a sassan kulawa ta musamman 36, aka wallafa sakamakon a 2019. An yi wa dangi bita, aka ba su damar zama har sa'a 12 a yini. Gaskiyar magana, ruɗewa ba ta ragu yadda aka yi fata ba. Amma abin da ake tsoro bai faru ba: kamuwa da cututtuka ba ta ƙaru ba, ma'aikata ba su fi jigata ba, damuwa da ƙuncin dangi kuma sun ragu. Sai annobar korona ta zo aka rufe ƙofofin asibitoci a ko'ina. Wani bincike a ƙasashe 14, kan marasa lafiya 2,088, da ya fito a 2021, ya nuna waɗanda suka sami ziyarar dangi, ko da ta bidiyon waya ce, haɗarin ruɗewarsu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Waɗanda aka yi ta ɗura wa magungunan barci dangin Valium kuwa, nasu haɗarin ƙaruwa ya yi.

Wannan na ƙarshe ya kamata dangi su fahimta, domin mu ne kan roƙi likita ya yi masa allura ya huta. Tun a 2000 wani bincike a Shikago ya nuna idan kullum ana tsayar da maganin barcin a bar mutum ya farka a duba shi, kwanakinsa a kan na'ura suna saukowa, daga 7.3 zuwa 4.9. A 2009 wani binciken ya nuna tayar da su zaune da motsa musu jiki tun suna kan na'ura ya rage kwanakin ruɗewa daga 4 zuwa 2. Hanyar da aka kama yanzu ita ce a fara kashe ciwo, a rage sa barci, mutum ya kasance a farke cikin natsuwa gwargwadon iko. Wanda ke farke kuwa yana buƙatar wanda zai kalla. Nas ɗaya mai gado biyu ko uku ba za ta tsaya riƙe hannu ba. Ɗa ko mata za su iya, kuma ina da yaƙinin hannun nan zai sa a rage yawan ɗaurewa da bandeji.

Akwai wanda zai ce, malam, mutane gadon ma ba su samu ba, kana maganar ƙishirwa da kunya? Na yarda gadon ya yi kaɗan. Asibitin Malam Aminu Kano, da aka kafa a 1988, da Asibitin Murtala, da na Nasarawa, da na ƙashi a Dala, ba Kanawa kaɗai suke ɗauka ba, har da mutanen Jigawa da Katsina da na Jamhuriyar Nijar. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mutane yake fita. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan dubu 16 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. Wani babban bincike da aka wallafa a 2025, wanda ya ƙunshi asibitoci 180 a ƙasashen Afirka 22, ya gano mutum 1 cikin 8 da ke kwance yana cikin mawuyacin hali, kashi 69 cikin 100 na waɗannan kuwa a ɗakunan kowa-da-kowa suke. To ai wannan ne ya sa maganar ta shafi kowa. Mai jijjiga, mai shanyewar ɓarin jiki, wanda adaidaita sahu ta kifar, yawancinsu a can suke ruɗewa, 'yan'uwa na tare da su amma ba wanda ya gaya musu abin da suke gani. Iyalin da suka sayar da fili ko shago suka biya kuɗin gadon kuwa, haƙƙinsu ne a yi iya ƙoƙari a dawo musu da mutum da hankalinsa.

Ya kamata a tuna yadda wannan fanni ya soma. A 1952 annobar shan-inna ta ɓarke a Kofanhagen, babban birnin Denmak, cutar da mu Kanawa ba sai an ba mu labarinta ba. Yara suna ta mutuwa saboda numfashi ya shanye. Wani likitan sa barci, Bjørn Ibsen, ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a sa roba, a riƙa tura iska da jakar roba. Babu isassun na'urori, sai aka kira ɗaliban likitanci da na haƙori, kimanin 1,500, suna karɓa-karɓa dare da rana, kowa yana zaune a gefen gado yana matsa jaka da hannu, har tsawon watanni. Mace-macen da suka haura kashi 80 cikin 100 suka sauko zuwa kimanin 40, daga baya ma ƙasa da haka. Daga nan aka buɗe sashen kulawa ta musamman na farko a 1953. Na'ura ta zo ta karɓi aikin hannun, kuma alheri ce babba, amma zaman da ɗalibin yake yi a gefen yaron har yau sai mutum.

Gwajin gane ruɗewar da na ambata minti biyu ya ishe shi. Ana sa mara lafiya ya matse hannun nas duk sanda ya ji wani harafi, sannan a yi masa tambayoyi irin su: dutse yana tsayawa a saman ruwa? Akwai kifi a teku? Sai dai dole a yi shi da Hausa, da abin da wanda bai yi boko ba zai gane, in ba haka ba, sai a rubuta wa mai hankali ruɗewa. Wannan aikin malaman likitanci da jinya na Jami'ar Bayero ne, da makarantun koyon jinya na jihar.

Akwai kuma giɓin da ke zama a kan mutum. Kwanakin da bai tuna ba, ƙwaƙwalwa takan cike su da abin da ta samu. Tun shekarun 1980 ma'aikatan jinya a Denmak, sannan Suwidin da Norwe, suka fara ajiye littafi a gefen gado, su da dangi suna rubuta abin da ya faru kullum da harshe mai sauƙi, a ba mara lafiya idan ya murmure. Wani gwaji a ƙasashen Turai 6 a 2010 ya sami sabon ciwon firgici ga kashi 5 cikin 100 na waɗanda aka ba littafin, da kashi 13 ga waɗanda ba a ba ba. Wani gwajin a Faransa a 2019 bai ga bambanci ba, don haka ba zan ce magani ne tabbatacce ba. Amma da akwai irinsa a gidan Baffa, da ba a yi watanni uba yana gaba da ɗansa ba. Wanda ba ya rubutun boko ya yi da ajami, wanda ba ya ko ɗaya ya naɗi murya a waya kullum da dare: yau Laraba, an cire maka roba ɗaya, Yaya ta zo daga Gwarzo, an ɗaure hannunka saboda kaza. A ajiye masa har ranar da zai nema da kansa, kada a tilasta masa.

Ranar sallama ba ita ce ƙarshen jinyar ba. A 2010 masana a Amurka suka haɗa matsalolin da ke bin waɗanda suka fito ƙarƙashin suna ɗaya, wato raunin jiki, raunin tunani da damuwar zuciya, suka kuma lura dangin da suka yi jinya su ma suna kamuwa da tasu damuwar. Wani bincike kan mutum 821 da ya fito a 2013 ya tarar bayan shekara guda, kusan 1 cikin 3 suna da raunin ƙwaƙwalwa kwatankwacin na wanda ya sami matsakaicin buguwa a ka, matasa ma ba su tsira ba, kuma gwargwadon daɗewa cikin ruɗewa, gwargwadon raunin. A Kano wannan shi ne ɗan kasuwar da ya koma rumfa lissafi yana kuɓuce masa, malamin makarantar da ba ya iya riƙe aji, uwar da ke tsoron ɗaukar jaririnta. A gida a ce ya canza hali, ko an yi masa sammu. Shi kuma ya kama bakinsa don kada a fara maganar kai shi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau.

A Ingila tun 2009 ƙa'idar lafiyarsu ta tanadi a sake duba irin wannan mara lafiya bayan wata 2 zuwa 3 da sallama, jiki da tunani duka. Mu ma ai muna komawa asibiti a duba ɗinki. A ranar nan likita ya sallami 'yan rakiya su jira a waje, ya tambaye shi ko yana barci, ko yana mafarkin wurin, ko akwai abin da ya tuna da yake son a yi masa bayani. Wanda ya nemi a kai shi ya ga gadon da ya kwanta da na'urar da ta yi masa numfashi, a kai shi da rana tsaka ya gani da idonsa, ya gaisa da ma'aikatan. Asibitoci da dama a Turai suna yin haka, kuma su ma ma'aikatan, waɗanda sau da yawa ba sa jin yadda ta ƙare da mutumin da suka kwana a kansa, suna buƙatar ganin sa ya shigo da ƙafafunsa.